Kwali Uku a Gefen Gadon Kawu

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawu, yayan mahaifiyata, ta zo wata Talata da hantsi a gadon asibiti, aka sallace shi bayan la'asar. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi. Ina kuma rubutawa don abin da na ji ana faɗa a zaman makokinsa bai ishe ni ba, wani ma ɓata mini rai ya yi.

Kwana uku rumfa tana kafe a ƙofar gidansa na Zongo. An tare rabin titi da kujerun roba, 'yan zemijan suna zuwa da baburansu su tarar ba hanya, su juya suna tsaki. Mahauta sun zo, 'yan tireda sun zo, fataken shanu sun zo da sandunansu, har da wasu mata daga unguwar Ladji da ba sa jin Hausa, suka zauna gefe guda suna share hawaye da bakin zane. Duk wanda ya durƙusa ya yi gaisuwa sai ya ƙara da cewa, "Dokitan Zongo ya tafi." Na san bakunan da suke faɗin haka. Rabinsu, lokacin da yake raye, da ba'a suke kiran sunan nan. In ya hana mutum shan abin da ya ga dama, mutumin zai fito daga zaure yana kaɗa riga yana cewa, "Dokita ba diplom, ya fi masu asibitin iyayi."

Mutum ɗaya na yarda da baƙin cikinsa, shi kuwa ko hawaye bai zubar ba. Wani tsohon bafatake ne da yake saukowa da shanu daga arewa. Ya zauna, ya yi addu'a, sai hannunsa ya tafi aljihu da kansa ya fara jawo wata baƙar leda cike da magunguna. Ya fito da ita rabi, ya dubi bencin da Kawu yake zama a zaure, ya mayar da ita. Sannan ya tashi ya tafi.

A rana ta biyu na shiga cikin gida in gai da matar Kawu. Na tarar ta ɗaure kai tamau tana cewa kamar zai tsage. Wata maƙwabciya ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙwaya biyu, ɗaya ja ɗaya fara, ba kwali ba takarda, ta ce, "Haɗiye, Hajiya, ni ma su nake sha, yanzu za ki ji garau." A gidan Kawu, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na fita ta ƙofar baya na tsaya bakin kwata har zuciyata ta sauka, don da na buɗe baki a lokacin, da zaman makokin ya watse.

Akwai kuma wadda ba a gani ba, ko a rumfa ko cikin mata. 'Yata ce ta fari, mai karatun aikin farmasi, wadda Kawu ya sa a wannan hanya da hannunsa. Tun ranar da aka kai shi makwanci ta ninke farar rigarta ta lakwal, wato makaranta, ta sa a ƙasan akwati. Jarrabawarta ta ƙarshe tana matsowa, ta ce wa uwarta ba za ta koma ba. Ni kuma ba ta ɗaga ido ta dube ni. Tana da dalili, zan zo kansa.

Ni ɗan kasuwa ne, tayoyi da batir nake sayarwa. Ban iya kwalliyar magana ba. Zan faɗi yadda na san shi.

Da tsintsiya Kawu ya shiga farmasi, wata da ke unguwar Ganhi, tun yana saurayi. Madam mai wurin ta lura yana tsince takardun cikin kwalaye da mutane suke yarwa a ƙofa, yana ninkewa yana sawa a aljihu. A waɗannan takardu ya koyi Faransanci, shi ya sa in yana magana da ma'aikacin banki sai a yi ta kallonsa, don yana magana kamar takardar magani. Daga shara ya koma jera kaya, daga nan ya tsaya bayan kanta. Ya yi shekara talatin da wani abu a tsaye. Yara masu diplom suna zuwa ya nuna musu inda komai yake, bayan shekara biyu su zama shugabanninsa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafin wannan ba. Ni ne nake jin haushin a madadinsa, har yau.

Da ya bar aiki sai ya sa benci biyu a zaure, dogo nasa, gajere na mai zuwa. Bayan la'asar yake zama. Mutanenmu suna zuwa asibiti, likita ya zuba musu Faransanci, su ce "wi, wi," su karɓi ordonans, takardar da aka rubuta maganin, su saya, su dawo gida ba su san na sha ne ko na shafawa ba. Girman kai da kunya ba sa barin dattijo ya ce wa likita sa'ar ɗansa bai gane ba. Sai a kwaso a kawo wa Kawu.

Bai taɓa rubuta wa kowa magani ba. In ka ce, "Me zan sha?" zai ce, "Ni karatu nake yi. Mai rubutu yana asibiti." Abin da yake fara tambaya kullum shi ne, "Ina kwalin?" Matan Zongo suna da ɗabi'ar ɓare magungunan gida duka su zuba a gwangwanin madara guda, su riƙa ganewa da launi. In aka miƙo masa gwangwani ko taɓawa ba ya yi.

"Ja ce nake sha da safe, Malam."

"Ja ba suna ba ne, Hajiya. Barkono ma ja ne. Koma ki nemo kwalin."

In kwalin ya zo, sai ya rufe babban sunan da babban yatsansa. "Wannan mai ado na 'yan kasuwa ne, irin su ɗan ƙanwata," yakan ce, ya nuna ni da haɓa in ina wurin. "Ƙaramin nan na ƙasa, da ba wanda yake dubawa, shi ne sunan maganin. Magani ɗaya yana iya sa riga goma ya shigo gidanka sau goma."

Ba ya gaya wa mutum ƙarfe kaza. Ya san agogon Zongo ladan ne. Sau uku a rana a bakinsa shi ne asuba, azahar, isha'i. Ya rubuta da ajami a jikin kwalin, wanda bai iya karatu ba ya ja masa layuka. Sannan ya miƙa maka kayanka amma bai saki ba, ya ce, "Maimaita mini." Ko limami ne sai ya maimaita. In ka yi kuskure ya ce, "Sake." Na ga wani Alhaji mai tireloli ya maimaita sau huɗu yana gumi a kan gajeren benci, yara suna leƙe. Wannan "sake" ɗin shi ya jawo masa sunan mai iyayi. Duk watan azumi kuwa faɗa yake yi da rabin unguwa, don mutane suna tara na asuba da na azahar da na isha'i su haɗiye gaba ɗaya a buɗa-baki, wai sun biya. Yakan kore su su koma wurin likita a sauya musu tsarin.

Tsohon bafataken nan mai leda, ga yadda suka saba. Ya zo wata rana yana tangaɗi, yana cewa ƙasa tana juya masa. Da Kawu ya matsa masa sai ya fito da maganin tsutsar ciki na shanu.

"Nawa ka sha?"

"Ai na auna, Malam. Bijimi guda ɗaya ake ba shi. Ni kuwa na kai rubu'in bijimi, sai na karya huɗu na sha ɗaya."

"A nauyi ka kai rubu'in bijimi. A hankali fa?"

Ya ɗora shi a zemijan, ya hau wani ya bi shi har asibiti. Tun daga ranar mutumin ko parasitamol ba ya haɗiyewa sai ya kawo an karanta masa.

Ni da Kawu mun yi faɗa, faɗa na gaske. Ina da shekara ashirin da 'yan kai na fara sayar da magani a faranti a bakin tasha. Kaya suna shigowa ta kan iyaka, ciniki yana tafiya, har na fara ɗinka shadda. Wata rana tsaka ya tsaya a gabana, mutane suna kewaye da ni. Ya ɗauki katin ƙwaya ɗaya.

"Wannan na mene ne?"

"Na ciwon jiki, Kawu."

"Mai ciki za ta sha?"

Na shiga gyara kayan farantin.

"Mai gyambon ciki fa? Ranar lalacewarsa, ina take?" Ya juya katin, wurin a kankare. "Kai ka kankare?"

"Haka ya zo."

"Ɗan ƙanwata, mai sayar da wuƙa ya san wuƙa yake sayarwa. Kai ba ka san abin da kake miƙa wa mutane ba."

Ya kifar da farantin cikin kwata. Na ce masa, a gaban kowa, shi da ya shekara ashirin yana yi wa wata mace shara, me ya tara? Ya kaɗe hannu ya tafi. Mun fi shekara ba ma magana. Ranar Sallah in na durƙusa, "lafiya" ɗaya yake ba ni ya kau da kai. A cikin wannan shekara wani Bayarabe mai sayar da tayoyi ya aiko aka kira ni, ya ce yana neman mai baki da ƙafa, ya koya mini sana'ar da nake ci har yau. Sai ranar da Bayaraben zai koma garinsu ya gaya mini Kawu ne ya je wurinsa sau uku, sau biyu yana korar sa. Kawu bai taɓa ambatar wannan ba. Ni ma ban taɓa gode masa ba, na ɗauka akwai lokaci.

'Yata kuwa tasa ce tun tana rarrafe. Yana kiran ta amarya, tana kiran sa angon da ba haƙori. Da ta shiga lakwal ɗin masu taimaka wa farmasi, watannin farko da kuka take dawowa, wai kalmomin sun fi bakinta. Ya ce, "Kawo su nan mu yanka su gaɓa-gaɓa kamar rago." Na sha wucewa ta zaure in ji su.

"Iper?"

"Sama."

"Ipo?"

"Ƙasa."

"To ipertansiyon?"

"Hawan jini. Ipotansiyon kuma faɗuwarsa."

"Pozoloji fa, amarya?"

"Nawa, sau nawa, kwana nawa."

"In an rubuta a jan?"

"Ciki wayam, ko koko bai shiga ba."

"Kontirendikasiyon?"

"Wanda aka hana ya sha. Kamar kai da goro."

"Za ki ci gidanku. Shiga ki gaya wa kakarki."

Wannan ita ce dokarsa. Duk kalmar da ta haddace sai ta shiga cikin gida ta yi wa matarsa bayani, tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. In tsohuwa ta gane, to an iya. In ba ta gane ba, a sake. Yakan ce mata, "In kin faɗa da Faransanci malamanku za su ba ki maki. In kin faɗa da Hausa mutanen Zongo za su kwana lafiya." Ni ba na shiga zancensu. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita. Saƙona ta bakin uwarta yake isa gare ta, haka muka taso.

Sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi kwanaki a asibiti aka sallamo shi, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya ba ta fita daidai, amma idonsa garau, yana gane kowa. Babban ɗansa, taubashina, ya ɗauke shi zuwa gidansa a unguwar Zogbo don ya fi shiru. Likita ya rubuta masa maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya da asuba.

Kun san dubiyar mutanenmu. Ba a zuwa hannu wofi, kuma lemo da madara ba su isa nuna ƙauna ba. Sai an kawo magani, wanda ya yi wa wane aiki. Abin da Kawu ya yi shekaru yana yaƙa ke nan, yanzu ga shi kwance ba bakin korar kowa. Wani Alhaji, aminin gidan, ya dawo daga Umra da kwali mai ruwan zinariya da rubutun Larabci, ya ce na hawan jini ne, irinsa babu a nan. Aka karɓa hannu bibbiyu. Duk sanda ya zo sai ya tambaya, "Ana dai ba shi?" Wa zai ce wa dattijo a'a? Aka sa nasa da azahar.

Na uku ni na kawo. Na je Lome kan harkar taya, wani abokin ciniki ya ce mahaifinsa da wannan ya miƙe. Na shiga farmasi ta gaske, ba bakin tasha ba, na zaɓi mai tsada, shuɗin kwali. Na ji daɗin kaina. Na ce yau ɗan ƙanwa mai faranti ya kawo wa Kawu magani mai daraja. Aka sa nawa da isha'i.

Kawu yana shan na asuba ba gardama. Na azahar da na isha'i sai ya datse baki, ya ture da hannunsa mai lafiya. Muka ce ciwo ya sa masa taurin kai, tsofaffi haka suke komawa yara. Matan gidan suka fara daka ƙwayar suna zubawa a kunu. Mutumin da ya karanta wa Zongo duka kwali, muka daka masa a kunu don ya ƙi. Ya fara yawan barci. In aka zaunar da shi sai kansa ya langaɓe. Muka ce sauƙi ne, jiki yana hutawa.

'Yata tana can wajen gari inda aka tura ta koyon aiki a wata farmasi. Ranar Asabar ta samu zuwa. Muna ɗakin, ni da taubashina da Alhajin. Ta durƙusa ta gai da mu, ta matsa ta ce, "Ango, amarya ta zo." Ya buɗe ido da ƙyar, ya juya su wajen teburin da ke gefen gado, ya dawo da su kanta, ya sake juyawa. Ta ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Na ga ta rufe babban sunan da babban yatsanta. Sai ta sa mai zinariya da shuɗin a jakarta.

Alhaji ya ce, "Ke, lafiya?"

Ta ce, kanta a ƙasa, "Baba Alhaji, a yi mini afuwa. Duka ukun magani ɗaya ne. Ƙaramin sunan amlodipin ne, a kowane kwali. Likita ya ce ɗaya a rana, ana ba shi uku. Jininsa ba hawa yake yi ba yanzu, faɗuwa yake yi. Shi ne wannan barcin."

"Maganin da na ɗauko daga ƙasa mai tsarki, shi yarinya za ta jefa a jaka kamar guba?"

Taubashina ya yi dariya don ya sassauta abin. Ya ce mini, "Ɗan gwaggo, ashe farfesa ka haifa ba ka gaya mana ba? Ko bencin tsoho ake son gada tun yana numfashi?"

Ta juyo gare ni. Ta ce, "Baba, ka duba da kanka. Ga shi nan a ƙasa."

Ni ne mutumin da yake durƙusawa a rana yana karanta ƙananan lambobin gefen taya don ya san shekarar da aka yi ta. Ba Bature ba Balarabe da ya taɓa sayar mini da tsohuwar taya a matsayin sabuwa. Miƙa hannu kawai zan yi. Amma Alhaji yana huci, taubashina yana dariya, kuma ɗaya daga cikin kwalayen nawa ne, mai tsada. Na ce, "Mayar da su. Ki fita."

Ta mayar. Tana fita Kawu ya fara buga katifa da hannun hagu, yana bugawa yana bugawa. Taubashina ya ce ruwa yake so. Aka kawo ruwa.

Da yamma uwarta ta same ni, ta ce yarinyar nan ba ta daina kuka ba, ko za a tsayar da biyun? Na ce ranar Litinin zan kai wa likita kwalayen ya gani, manya su yanke. Ranar Litinin kwantenata ta fito a tashar jiragen ruwa, na wuni can. Da la'asar aka kira ni, an zaunar da shi a yi masa wanka ya sume. A asibiti likita ya ce a kawo duk abin da yake sha. Ya jera kwali ukun a tebur, ya ɗauki biro ya ja layi a ƙarƙashin ƙaramin sunan, ɗaya, biyu, uku. Ya tambaya ko a gidan ba wanda ya iya karatu. Ya ce jinin ya daɗe a ƙasa, ƙoda ta ji jiki. Kawu ya yi kwana takwas bai ƙara buɗe ido ba.

Ajali na Allah ne, ban ce ba haka ba. Tsoho ne, mai ciwo ne, wataƙila da kwali ɗaya ma ranar ba za ta matsa ba. Amma kada wani ya sake zama a gabana ya ce "kwana ne ya ƙare" da muryar wanda ya wanke hannunsa. Allah ya aiko mana da wadda ta iya karatu har cikin ɗakin, muka kore ta don kada ran wani dattijo ya ɓaci. Ina jin haushin Alhaji. Ina jin haushin taubashina da dariyarsa. Ina jin haushin unguwar da take ganin ƙwaya kamar goro, a ɓara a miƙa wa maƙwabci. Amma wanda ya ce "ki fita" ni ne.

Abin da 'yata ta ce wa uwarta shi ne, me za ta yi da diplom? Ta karanta daidai, ta faɗa da Hausa yadda aka koya mata, mahaifinta ma bai ji ba. Wa zai ji?

Ana gobe sadakar arba'in taubashina ya zo shagona. Ba wasa a fuskarsa ranar. Ya ce ya ji kwalayen suna hannuna. Ya ce, "Ɗan gwaggo, ka rufa mana asiri. Tsoho ya tafi, magana ba ta dawo da shi. Alhaji mutumin gidan ne tun kafin a haife mu." Na ce na ji.

Washegari, da liman ya shafa fatiha, kafin a fara raba waina, na tashi. Na ajiye kwali ukun a kan tabarma a gabansa. Na ce wannan na likita ne, wannan na wani masoyi ne da ba zan kira sunansa ba, wannan shuɗin kuma nawa ne. Na rufe manyan sunayen da yatsa na sa wani malamin lakwal ya karanta ƙananan da ƙarfi. Na faɗi maganar kunu. Na faɗi abin da 'yata ta ce da abin da na ce mata. Ban daɗe ba. Alhaji ya ɗauki takalmansa ya fita, har yau ba ya amsa gaisuwata. Taubashina ya sunkuyar da kai. Wasu sun ce na ɓata sadaka, ba a taɓa yin haka ba. Na sani. Kawu ma ba a taɓa kifar da faranti a bakin tasha ba kafin shi. Mata suna ji ta bayan labule, na san maganar za ta isa inda nake so.

Kwana biyu bayan nan, bayan la'asar, na karɓi mabuɗin zaure wurin matar Kawu. Na share shi da kaina. Na koma gida na kwaso duk abin da nake sha na ciwon baya, na zuba a leda. Na tsaya a tsakar gida na kira 'yata da sunanta. Uwarta ta saki muciya ta leƙo, don a gidan ba a taɓa jin sunan nan a bakina ba. Na ce ta same ni a zauren Kawu.

Da ta iso na riga na zauna a gajeren benci. Ta tsaya a ƙofa. Na nuna mata dogon, ta daɗe tana kallon sa kafin ta zauna a bakinsa. Na miƙa mata ledar. Ta zazzage, ta ware wasu ƙwayoyi da na ɗaure a takarda ta ture su gefe.

"Ina kwalinsu?"

"Na yar."

"To ba zan taɓa ba."

Ta ɗauki sauran biyun, ta rufe manyan sunayen. Ta ce waɗannan ma abu ɗaya ne, kuma suna cin ciki in an haɗa. In bar wanda abokina ya ba ni, in tsaya kan na likita, ɗaya bayan karin safe, ɗaya bayan tuwon isha'i, kwana biyar, in bayan bai saki ba in koma asibiti, ita ba ta rubuta magani. Ta ja layuka a kwalin ta miƙo mini, amma ba ta saki ba.

"Maimaita mini, Baba."

"Ɗaya da asuba..."

"Na ce bayan kari, ba ciki wayam ba. Sake."

Na sake. Ina cikin faɗa inuwa ta tare ƙofa. Tsohon bafataken ne, ya ga zaure a buɗe. Ya dube ni a gajeren benci, ya dube ta a dogon, ya jingine sandarsa. Ya ce, "Jikar Malam, in kin gama da wannan ɗalibin mai taurin kai, ga tawa ledar, ta kwana arba'in a aljihu."

Ta karanta masa. Ya maimaita sau ɗaya ya ci, ya harare ni. Da zai tafi ya ce gobe zai kawo abokin tafiyarsa mai ciwon sukari, bayan la'asar.

Ta ce, "Gobe sai bayan ƙarfe biyar, Baba. Ina da lakwal."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sa abin da ya karanta wa bayinsa ya zama haske a kabarinsa. Mu kuma da muka daka masa ƙwaya a kunu, Allah ya yafe mana, amma kada ya mantar da mu.